Wane Ne Baƙar Fata? Yadda Jami'o'in Birazil Ke Tantance Masu Neman Gurbin Karatu

A shekarar 2007 wasu tagwaye maza masu kama ɗaya sak suka nemi shiga Jami'ar Brasilia da ke babban birnin ƙasar Birazil. Su biyun duk sun bi ta ƙofar da jami'ar ta ware wa baƙar fata. Ƙa'idar lokacin ita ce a ɗauki hoton mai neman gurbi a miƙa wa wani kwamiti ya duba. Kwamitin ya duba, ya ce ɗaya baƙar fata ne, ɗayan kuwa ba baƙar fata ba ne. Uwa ɗaya, uba ɗaya, ciki ɗaya. Da labari ya fasu, ƙasa ta ɗauka, jami'ar ta janye hukuncin, daga baya ma ta daina dogaro da hoto ta koma ganawa da ɗalibai ido da ido.

Wanda ya ji wannan labari zai zaci daga ranar aka rushe irin waɗannan kwamitoci. Ba haka aka yi ba. Yau galibin jami'o'in gwamnatin tarayyar Birazil suna da kwamitin da ke duban ɗalibi ya tabbatar ko ya ƙi amincewa da launin da ya ce shi ne nasa. Abin da zai ƙara ba mutum mamaki shi ne, waɗanda suka fi matsa lamba a kafa kwamitocin su ne ƙungiyoyin baƙar fata da kansu. Sai an san ƙasar da tarihinta kafin a gane dalili.

Me ya sa aka ware gurabe tun farko

Babu ƙasar da aka kai wa bayi daga Afirka kamar Birazil. An sauke sama da mutum miliyan 4 a gaɓar tekunta, wato kusan kashi 40 cikin ɗari na duk waɗanda aka tsallaka da su tekun Atalantika. A cikinsu har da Hausawa, waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 aka sayar da su zuwa jihar Bahia. Su ne suka shirya boren da aka bankaɗo a birnin Salvador a 1807, su suka jagoranci na 1814, kuma suna cikin boren Musulmi na watan Janairun 1835, wanda Yarabawa suka fi yawa a cikinsa. Birazil ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka da ta soke bauta, ranar 13 ga Mayun 1888, kuma ta soke ta ne ba tare da ta ba waɗanda aka 'yanta ko taƙi ɗaya na gona ba, balle makaranta. Maimakon haka sai gwamnati ta shiga jawo Turawa daga Italiya da Jamus da Sifaniya da Fotugal, da fatan auratayya za ta wanke launin ƙasar sannu a hankali.

Auratayyar kuwa an yi ta sosai. Daga nan ne wani ra'ayi ya kafu, wanda ake yawan dangantawa da littafin da wani masanin ƙasar, Gilberto Freyre, ya fitar a 1933, cewa Birazil ba ta san wariyar launin fata ba, tun da kowa ya gauraya da kowa. Gaskiya ne bayan soke bauta ba a kafa allo a ƙofar makaranta an rubuta baƙi kada ya shiga ba, kamar yadda aka yi a jihohin kudancin ƙasar Amurka. Amma duk wanda ya leƙa ajin koyon likitanci a jami'ar gwamnati a shekarun 1990 zai iya ƙirga baƙaƙen fuskoki da yatsun hannu ɗaya.

Yadda abin yake shi ne, manyan jami'o'in Birazil na gwamnati ne, kuma kyauta ake karatu a cikinsu. Sai dai jarrabawar shiga tana da tsanani, kuma a wancan lokacin masu cinye ta su ne 'ya'yan masu hali da suka yi sakandare mai tsada. Talaka yana biyan haraji, ɗan mai kuɗi yana karatu kyauta, ɗan talaka kuma in ya nace sai ya biya kuɗi a jami'a mai zaman kanta wadda ba ta kai waccan ba.

Jami'ar Jihar Rio de Janeiro da Jami'ar Jihar Bahia su ne suka fara ware gurabe a farkon shekarun 2000. Jami'ar Brasilia ta bi sahu a 2004, ta zama ta farko cikin jami'o'in tarayya, ta ware kashi 20 cikin ɗari ga baƙar fata. Wata jam'iyyar siyasa ta kai ƙara, amma a watan Afrilun 2012 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce tsarin bai saɓa wa kundin tsarin mulki ba, kuma babu alƙali ko ɗaya da ya ƙi. A watan Agustan wannan shekarar Shugaba Dilma Rousseff ta sa hannu a dokar da ta game duk jami'o'in tarayya.

Dokar ba ta fara da launi ba, da makaranta ta fara. Rabin gurabe na kowane fanni na waɗanda suka yi sakandarensu gaba ɗaya a makarantar gwamnati ne. Rabin wannan rabin na 'ya'yan gidajen da ba su da ƙarfi ne. Sai a cikin waɗannan gurabe ake fitar da rabon baƙar fata da ruwa-biyu da 'yan asalin ƙasar na farko, gwargwadon yawansu a jihar kamar yadda ƙidayar jama'a ta nuna. A ɗauka fanni yana da gurbi 100. Hamsin na 'yan makarantar gwamnati ne. A Bahia, inda baƙi da ruwa-biyu suka kusan kai kashi 80 cikin ɗari, wajen 40 daga cikin hamsin ɗin nasu ne. A Rio Grande do Sul da ke can kudu, inda farare suka kai kashi 78, rabon bai fi wajen 11 ba. Ɗan baƙar fata mai kuɗi da ya yi sakandare mai zaman kanta ba shi da rabo a ƙarƙashin wannan doka.

Tsarin ya yi aiki. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta bayyana cewa a 2018, karon farko a tarihi, baƙi da ruwa-biyu sun haura rabin ɗaliban jami'o'in gwamnati, da kashi 50.3 cikin ɗari.

Ƙofar da dokar ta bari a buɗe

Dokar 2012 ta ce gurbin na wanda ya bayyana kansa a matsayin baƙi ko ruwa-biyu ko ɗan asalin ƙasa ne. Ba ta faɗi yadda za a tabbatar ba. Ɗalibi ya cike takarda, ya sa hannu, shi ke nan. An yi haka ne da kyakkyawar niyya, domin haka ƙidayar jama'ar ƙasar take: ma'aikaci yana tambayar mutum launinsa, ya zaɓi ɗaya cikin biyar, ba a musa masa. Akwai branco, fari. Akwai preto, baƙi. Akwai pardo, wato ruwa-biyu, wanda ya haɗa duk mai launi tsaka-tsaki, daga wankan tarwaɗa mai duhu har zuwa wanda ya kusan zama fari. Sauran biyun su ne 'yan asalin ƙasar da kuma masu asali daga gabashin Asiya. A ƙidayar 2022 pardo suka zo kashi 45.3 cikin ɗari, farare 43.5, baƙi 10.2.

A wurin ƙidaya babu abin da mutum zai samu in ya yi ƙarya. A wurin neman gurbin likitanci kuwa, kalma ɗaya a takarda tana iya zama bambancin shiga da zaman gida. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba a jima ba ɗalibai baƙar fata suka fara lura cewa a azuzuwan likitanci da lauya da injiniya, kujerun da aka ce nasu ne wasu ne a kai, masu farar fata da santsin gashi, waɗanda ba a taɓa ɗaukar su baƙi ba a ko'ina. In an tambaye su sai su ce kakarsu baƙa ce. Sau da yawa ma gaskiya suka faɗa, domin a ƙasa irin Birazil da wuya a sami gidan da za a tone asalinsa a rasa baƙi a ciki.

Ƙungiyoyin ɗalibai baƙar fata suka shiga tattara sunaye suna kai ƙorafi. A 2016 Jami'ar Tarayya ta Pelotas ta sallami ɗaliban likitanci 24 bayan bincike. A watan Yulin 2020 Jami'ar Brasilia ta kori ɗalibai 15, ta kuma soke digirin mutum biyu da suka riga suka kammala. Korar ɗalibin da ya shekara huɗu yana karatu abu ne mai ciwo ga kowa, kuma gurbin da ya cinye ba ya dawowa ga mai shi. Wannan ne ya sa jami'o'i suka ga gara a tantance tun a bakin ƙofa.

Hanyar ta fito ne daga ɓangaren ɗaukar ma'aikata. A 2014 an yi dokar da ta ware kashi 20 cikin ɗari na guraben aikin gwamnatin tarayya ga baƙar fata. A 2017 Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar, ta kuma ce halas ne a ƙara da tantancewar wasu mutane a kan abin da mai nema ya faɗa game da kansa, muddin an kiyaye mutuncinsa, an kuma ba shi damar kare kansa. A watan Afrilun 2018 ma'aikatar tsare-tsare ta fitar da ƙa'idojin yadda kwamiti zai yi aiki. Don ma'aikata aka rubuta su, amma jami'o'i da yawa suka aro su, kowacce ta gyara yadda ta ga ya dace da ita.

Abin da ke faruwa a cikin ɗakin

Bisa waɗancan ƙa'idoji, kwamiti mutum biyar ne, maza da mata, masu launi daban-daban, kuma sai wanda ya sami horo kan batun wariyar launin fata yake zama a ciki. A jami'a yawanci ana haɗa malamai da ma'aikata da ɗalibai, wani wuri har da wakilin ƙungiyoyin al'umma. Ɗalibi yana shigowa, a duba katin shaidarsa, ya tsaya gaban kyamara ya faɗi sunansa da launin da ya bayyana. Jami'o'i da dama suna hana zuwa da kwalliyar fuska ko hula ko baƙin tabarau. Sau da yawa minti kaɗan ne an gama. Ba a yanke hukunci a gabansa. Bayan ya fita 'yan kwamiti su tattauna, a bi ra'ayin masu rinjaye, a rubuta dalili. Wanda aka ƙi yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa wani kwamiti na wasu mutane dabam, waɗanda za su kalli bidiyon da aka ɗauka. In bai gamsu ba, kotu tana nan.

Abu ɗaya ne kawai kwamitin ke dubawa, wato kamannin jiki: launin fata, yanayin gashi, hanci, leɓe, duka a haɗe. Ba a karɓar hoton kaka. Ba a karɓar takardar haihuwa ko da an rubuta pardo a jikinta. Ba a karɓar sakamakon gwajin ƙwayar halitta. Ɗalibai da yawa sun zo da fayil cike da hotunan dangi sun koma da shi ba a buɗe ba.

Wannan shi ne wurin da baƙo ya fi shan mamaki, musamman mu da muka saba tambayar mutum ɗan gidan wa ne kafin komai. Amma akwai hujja a bayansa, kuma a ganina hujja ce mai ƙarfi. Tun a shekarun 1950 wani masanin zamantakewa ɗan ƙasar, Oracy Nogueira, ya bambance wariya iri biyu. A Amurka asali ake bi: wanda aka san yana da kaka baƙi, baƙi ne, ko da fatarsa fara ce tas. A Birazil kama ake bi. Ɗan sandan da ya tsayar da matashi a hanya ba ya tambayar kakarsa. Mai gadin kanti da ke bin mace a baya daga wannan layi zuwa wancan bai ga takardar haihuwarta ba. Mai ɗaukar aiki da ya ajiye takardar wani a gefe fuska ya gani. To in gurbin an ware shi ne don rage raɗaɗin wannan wariya, tambayar da ta dace ba ita ce jinin wa ke jikinka ba. Tambayar ita ce, in ka fita titi, yaya mutane ke ɗaukar ka?

Gwajin jini ma da an bi shi da ya ƙara dagula lissafi. A 2007 an gwada wasu fitattun baƙar fata na ƙasar, ciki har da mawaƙin samba na Rio, Neguinho da Beija-Flor, mutumin da babu wanda zai kalle shi ya yi shakkar baƙi ne. Sakamako ya nuna kusan kashi 67 cikin ɗari na asalinsa daga Turai ne. Da ƙwayar halitta ce alƙali, da an hana shi gurbi an ba wani fari wanda bai taɓa jin ɗacin wariya ba.

'Yan asalin ƙasar na farko hanyarsu dabam ce. Su ba a duban fuska. Abin da ake nema shi ne takardar shaida daga shugabannin al'ummarsu ko daga hukumar da ke kula da lamuransu, domin zama ɗan wata al'umma lamari ne na dangantaka, al'ummar ce ke sanin nata. Haka ake yi wa 'yan ƙauyukan kilombo, zuriyar bayin da suka gudu suka kafa garuruwansu, waɗanda aka shigar cikin dokar a 2023.

Inda gizo ke saƙa

Baƙi wuluk ba ya shan wahala a gaban kwamiti. Fari tas da ya zo gwada sa'a shi ma ba a daɗewa a kansa, kuma da yawa irinsa tun da suka ji akwai kwamiti ba sa ma zuwa. Wahalar tana kan na tsakiya, kuma na tsakiyar nan su ne rukuni mafi girma a ƙasar, sama da mutum miliyan 90.

Launi a Birazil ba shi da iyaka a shate. Da hukumar ƙididdiga ta tambayi mutane launinsu a 1976 ta bar kowa ya faɗa da bakinsa, sai da ta tattara amsoshi iri-iri sama da 130. Kuma ido yana bin wuri. Yarinyar da ake kira fara a Salvador, inda baƙi suka fi yawa, tana iya sauka a Porto Alegre da ke Rio Grande do Sul a ɗauke ta ruwa-biyu. Hasken ɗaki yana canja fata. Kyamarar waya tana canja ta. Gashin da aka miƙar ba ya nuna yadda yake. Mutum ɗaya yana iya wucewa a wannan jami'a a ƙi shi a waccan, kuma hakan ya sha faruwa.

A farkon 2024 Jami'ar São Paulo, wadda ta jiha ce mai nata tsarin, ta soke gurbin wani matashi da ya fito daga makarantar gwamnati ya ci likitanci, bayan an duba hotonsa an kuma yi gajeriyar ganawa da shi ta bidiyo. Ya ce shi pardo ne, haka ya san kansa tun yana yaro. Kwamiti ya ce bai gani ba. Sai da kotu ta ba da umarni aka yi masa rajista. A yi tunanin yaro mai shekara goma sha bakwai ko sha takwas, wanda wataƙila an sha yi masa gori a kan gashinsa ko fatarsa, yau kuma mutum biyar da bai sani ba sun ce bai kai baƙi ba, har ana masa kallon mai zamba. Wannan rauni ne na gaske, kuma masu kare kwamitoci ba su da hujjar yin kamar ba su gan shi ba.

Sai a ce to a rubuta ma'auni dalla-dalla mana, don a daina dogaro da ido. An gwada. A 2016 wata cibiyar ilimi ta tarayya a jihar Pará ta fitar da jadawalin da za a tantance masu neman aiki da shi, mai ɗauke da faɗin hanci, kaurin leɓe, siffar ƙoƙon kai, har da launin dasashi. Ƙasa ta yi caa, aka janye shi. Ya yi kama da littattafan Turawan ƙarni na 19 masu auna kawunan mutane don su nuna wani jinsi ya fi wani. Ya kuma tuna wa mutane Afirka ta Kudu, inda dokar 1950 ta sa aka rarraba kowa bisa jinsi, har jami'ai kan soka fensir a gashin mutum, in ya maƙale a ce ba fari ba ne. Masu adawa a Birazil, cikinsu har da masana da ba za a zarge su da ƙin baƙar fata ba, suna kiran kwamitocin kotun launin fata, suna cewa gwamnatin da ta koyi rarraba 'yan ƙasa da fuska ba ta cika mantawa da wannan darasi ba.

Ba na ɗaukar wannan gargaɗi da wasa. Amma akwai bambancin da bai kamata a shafe ba. A Afirka ta Kudu a wancan zamanin dole ne, kowa sai an yi masa, kuma hukuncin yana bin mutum har kabari: inda zai zauna, wadda zai aura, aikin da zai yi. A Birazil ba a kiran kowa sai wanda ya nemi gurbin da kansa, hukuncin kuma bai wuce wannan neman ba. Ba a canja masa komai a katin shaida, kuma gobe in ma'aikacin ƙidaya ya zo, abin da ya faɗa shi za a rubuta. Wancan an yi shi don a rufe ƙofa, wannan don a tsare ƙofar da aka buɗe.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Amurka, wadda ta fi kowa suna a wannan batu, ba ta taɓa kafa irin wannan kwamiti a jami'o'inta ba. Ɗalibi yana zaɓar jinsinsa a takardar neman shiga, a karɓa. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1978 aka haramta ware adadin kujeru, launi ya zama ɗaya daga cikin abubuwa da yawa da ake dubawa. A ranar 29 ga Yunin 2023 kuma kotun ta hana ko da hakan, a shari'ar da aka yi da Jami'ar Harvard da Jami'ar North Carolina.

Indiya takarda take bi. Mai neman gurbin da aka ware wa ƙananan rukunonin al'umma sai ya kawo shaidar hukuma, kuma jabun takardu sun yi yawa har Kotun Ƙolin ƙasar ta ba da umarni a 1994 a kafa kwamitocin bincike a jihohi. Wannan ya fi kusa da abin da muka sani a Najeriya, inda jami'o'in tarayya ke raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, kuma takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma ce ke nuna daga ina mutum ya fito. Kowa ya san ana samun wanda bai taɓa taka garin ba yana riƙe da takardarsa, ana kuma samun wanda aka haifa a garin, aka haifi ubansa a garin, an hana shi. Takarda ba ta fi ido tsarki ba. Duk inda aka ware wani alheri ga wani rukuni, sai an sami mai tsaron ƙofa, kuma mai tsaron ƙofa yana kuskure.

Abin da ya rage a gyara

Ni dai ina ganin Birazil ta yi daidai da ta ƙi barin gurabe ga duk wanda ya iya cike takarda. Shekarun da aka yi babu tantancewa sun nuna wanda ke cin riba, kuma ba ɗan unguwar talakawa ba ne. Amma ingancin kwamiti yana ga yadda ake gudanar da shi, kuma a nan jami'o'i sun sha bamban ƙwarai. Hoto ko ganawar bidiyo ta minti ɗaya ba su isa a yanke makomar yaro a kansu ba, ko da sun fi araha. Bai kamata a ƙi kowa ba sai an gan shi ido da ido. Dalilin da za a rubuta masa ya zama dalili na gaske, ba jimla ɗaya da ake kwafa wa kowa ba. Kuma ya kamata a raba tsakanin mai zamba da wanda ya ɗauki kansa pardo da zuciya ɗaya kwamiti bai yarda ba. Na farko ya cancanci hukunci, na biyu bai yi laifin komai ba.

Ƙa'idojin 2018 sun zo da wani sharaɗi da ya fi sauran muhimmanci: in kwamiti ya yi kokwanto mai ma'ana a kan kamannin mutum, maganar mai nema ce ke rinjaye. Ma'ana aikin kwamiti shi ne ya tare wanda ƙarara ba nasa ba ne, ba ya zauna yana auna wanda ya fi wani duhu ba. Da yawa daga cikin shari'o'in da ke kaiwa gaban alƙali daga wannan tsaka-tsakin suke fitowa, inda da an bi sharaɗin da ba a je kotu ba.

A watan Nuwamban 2023 Shugaba Lula ya sa hannu a gyaran dokar. An rage ma'aunin kuɗin da gida ke samu, wanda da shi ake gane gidajen da ba su da ƙarfi, zuwa mafi ƙarancin albashi ɗaya ga kowane mutum a gida, a maimakon ɗaya da rabi. An kuma ce za a fara gwada makin ɗalibi a gasar kowa da kowa, sai in bai kai ba a koma ga rabon da aka ware, don kada mai ƙoƙari ya cinye kujerar da wani ya fi shi buƙata. Za a riƙa bitar tsarin duk shekara goma.

Akwai tambayar da bitar gaba ba za ta iya kauce mata ba, kuma daga arewacin ƙasar take fitowa. A jihohin Pará da Amazonas kusan mutum 7 cikin 10 pardo ne, amma da yawansu gaurayen 'yan asalin ƙasar ne da Turawa, ba zuriyar Afirka ba. Fatarsu ja ce mai duhu, gashinsu mai santsi. Dokar ta ambaci pardo a cikin masu rabo, ƙidaya ta lissafa da su wajen fitar da yawan kujeru. Kwamitoci da yawa kuma an horar da su ne su nemi alamun Afirka a fuska. Ɗalibi daga waɗannan jihohi, daga birnin Manaus ko Belém, yana iya samun kansa ba shi da takardar wata al'ummar asali da zai nuna, ba shi da kamannin da kwamiti ke nema, alhali da kansa aka ƙirga aka ware kujerar da ake hana shi.